Doreen da Sojojin Mista Catchpole

Doreen Stannard ba ta taɓa son sojojin nan ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Amma duk faɗin garin Lowestoft da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in kan sojan dalma ya ɓalle, ko ƙafar dokinsa ta karye, ko jan fentin rigarsa ya kankare har ya koma kamar tsohuwar ƙusa, gidanta ake nufa da shi. Ɗan tebur ne da ita a gaban tagar kicin, da fitila mai lanƙwasa wuya, da gwangwanayen fenti ƙanana kamar na man zafi. A nan take wuni.

Haifaffiyar gabashin Landan ce. Tana barin makaranta uwarta ta riƙe hannunta ta kai ta wata masana'anta inda ake zuba sojojin wasan yara, dogayensu ba su wuce ɗan yatsa ba. Mata ne jere a dogon benci, kowacce da nata launin: wannan ta shafa jan riga, waccan baƙin takalmi, ta gaba ta ja farin ɗamara. Da aka ga hannun Doreen ba ya rawa sai aka ba ta fuska, ɗigo biyu na ido da ɗan gashin baki. Duk matan da baki suke tsinin buroshi, su lasa su ɗiga, su lasa su ɗiga. Tsofaffin cikinsu dasashinsu ya yi shuɗi, bakinsu na wani wari mai kama da na tsohon kwabo. Ranar farko ta koma gida ta kasa cin abinci. Uwarta ta ce za ta saba. Aikin ta saba da shi, ɗanɗanon kuwa har ta tsufa in ta tuna sai ta tofar da yawu.

Daga baya aka hana yi wa yara abin wasa da dalma, roba ta shigo, aka sallami matan. Ta auri Cliff Stannard, wani mai aikin jirgin kamun kifi, ya kawo ta garinsu Lowestoft a bakin teku. Takan ce ta gudu daga warin fenti ta faɗa ƙarnin kifi. Sun zauna lafiya, ba su haihu ba, ya rasu ya bar mata gidan.

Ita a tsammaninta ta rabu da sojoji ke nan. Ashe yaran da suka yi wasa da su suna nan suna girma. Da suka yi furfura, suka ajiye aiki, sai suka shiga hawa rufin gidajen iyayensu suna sauko da akwatuna. Wani ya ji labarin akwai wata mata a gari da ta yi aiki a masana'antar, ya zo ya ƙwanƙwasa, shi kuma ya gaya wa wani.

Abin da suke kawo mata ba na gani ba ne kafin cin abinci. Akwati ne cike da kashin ɓera da matattun ƙwari, audugar ciki ta ruɓe ta yi baƙi. Wasu sojojin an tauna kawunansu, shatin haƙoran yaron da ya tauna yana nan, shi kuwa yaron ga shi tsaye a kicin ɗinta da haƙoran roba. Wasu daga lambu aka tono su. Mafi muni su ne waɗanda danshi ya kama, dalmar ta fara fitar da wani farin gari kamar ƙazuwa, in ka taɓa ta marmashe a yatsa. Kuturta take kiran wannan, ba ta yarda mai ita ya kwana kusa da masu lafiya. Sauran ta jiƙa su, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta soka tsinken ashana a wuyan wanda kansa ya fita ta mayar masa da kan, ta cike huji, sannan ta bi da fenti yadda aka koya mata tun tana yarinya.

Masu sojojin ma ba su fi akwatunansu ba a wurinta. Suna da ƙungiya da ke taruwa a zauren coci duk ƙarshen wata, manyan mutane da tumbinsu, su yi ta musu a kan ko maɓallin rigar wata runduna fari ne ko ruwan ɗorawa, har wani ya yi fushi ya ɗauki hularsa. Wasunsu “yarana” suke ce wa sojojin. In ta ji haka sai ta ja tsaki a ciki, ta miƙa hannu ta karɓa.

Mutum ɗaya ne take ɗaga wa ƙafa, Mista Leonard Catchpole. Da yana da shagon kafet a tsakiyar gari kafin ya sayar. Ɗan siriri ne mai tsabta, kullum da lakataye, takalminsa na sheƙi, bakinsa na ƙanshin alewar minti. Shi ba ya kawo ƙazanta. Kowane soja a naɗe yake cikin farar auduga, ya warware shi a hankali ya ajiye mata a kan tebur. Duk Kirsimeti sai ya zo mata da gwangwanin biskit. Matarsa Beryl ta yi shekaru da shanyewar ɓarin jiki, kuma a coci ana ba da misali da shi, wai shi kaɗai yake jinyarta, ya ƙi yarda a turo masa masu taimako, ya ce matarsa ba ta son baƙin hannu. Duk zuwan da zai yi Doreen takan tambaye shi mai jiki, ya ce da sauƙi, tana godiya. Shekara da shekaru haka.

Wata safiyar Litinin cikin watan Janairu ya bugo mata waya, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce kantar sojoji guda ce ta rikito, rundunar masu bushe-bushe da dawakin jan igwa duk sun zube ƙasa. Ba ya son ya kwashe gutsattsarin ya gauraya su, ko za ta taimaka ta zo ta gani da idonta? Ba ta taɓa zuwa gidan wani daga cikinsu ba, amma ta tuna biskit, ta sa kwat ɗinta. Ya zo ya ɗauke ta a mota.

Gida ne babba na jan bulo a bayan tashar jirgi. Suna shiga zaure sanyi ya doke ta, har da hayaƙi a baki, ga wani ɗan hamami da ta ɗauka na magudanar ruwa ne. Ya buɗe ƙofar falo ya ce ta yi sauri ta shiga kada ɗumin ya fita. Ciki kuwa kamar wata ƙasar. Hita biyu na aiki, ga wata na'ura a kusurwa tana gurnani, ya ce ita ke tsotse danshi. Kafet mai laushi, labule mai kauri don kada rana ta dusar da fenti. Bango huɗu kabad ɗin gilashi ne har sama, sojoji jere ba iyaka, da yawansu idon da ke fuskarsu hannunta ne ya ɗiga shi.

A gaban murhu ɓarnar take. Ya zagaye wurin da zare kamar inda aka yi kisa. Ya durƙusa yana nuna mata, wannan mai ganga ne hannunsa ya fita, wannan doki tun yana ɗan shekara bakwai yake tare da shi. Hawaye ne sosai a idonsa. Ta tambaye shi yadda aka yi kantar ta faɗo ita kaɗai, ya ce ƙusa ce ta saki. Ta duba bango, ta ga ƙusoshin suna nan daram. Ta durƙusa ta fara tsincewa.

Can ta ce tana son ta kewaya. Ya ce ta bi ta kicin, ƙofar ƙarshe, kada ta taɓa ta hagu. Bai ko ɗago ba.

Tana wuce kicin warin ya ƙaru. Ba na magudana ba ne. Zarni ne wanda ya kwana ya wuni ya sake kwana, da wani ɗoyi a ƙarƙashinsa kamar na naman da aka manta. Ƙofar hagu tana da sakata ta waje, sabuwa ƙal, garin katakon da aka huda yana nan zube a ƙasa. Daga ciki ana buga wani abu a jikin ƙarfe, a hankali, a tsaya, a sake bugawa. Doreen ta zare sakatar.

Ɗan ɗaki ne da aka yi don ajiyar kaya. Bangon ya yi baƙi da danshi, tagar ta yi ƙanƙara ta ciki. A kan gadon ƙarfe wata tsohuwa ce kwance cikin kwat ɗin maza, gashinta ya dunƙule ya manne a keya, hannunta ɗaya na riƙe da cokali tana buga ƙarfen gadon. Zanen gadon ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa har ya yi taswira. Bokiti na gefe ba a zubar ba. A kan kujera faranti ne da waken gwangwani da ya bushe ya yi fata, da ɓallin burodi. Doreen ta toshe baki da hannun riga.

Matar ta dube ta da ido ɗaya mai kyau. Bakinta a karkace yake, maganar na fita da ƙyar, amma ana ganewa.

“Ke ce mai fentin?”

“Ni ce.”

“Na san in suka karye za a kira wani. Ni kam ko na karye ba mai zuwa.”

Doreen ta matsa kusa, tana numfashi ta baki. Beryl ta ba ta labari a gutsure, tana hutawa. Jiya Lahadi da ya tafi coci ta mirgino daga gado. Da gwiwar hannu ɗaya ta ja jiki, ta ratsa kicin, ta bi zaure, tana tura sandarta a gaba. Ta ce ta daɗe a kwance kan kafet ɗin falon tana jin ɗumi, har barci ya so ya ɗauke ta. Sannan ta maƙala kan sandar a bakin kantar sojojin ta ja. Da ya dawo ya tarar da ita a falon. Ya ɗauke ta ya mayar kan gado, ya fita ya sayo sakata. Ta ɗaga hannun kwat ɗin ta nuna, fatar gwiwar hannun ta saɓule, jinin ya bushe ya manne da ulu.

Doreen ta juya ta ga Mista Catchpole tsaye a bakin ƙofa, da ɗan doki a tafin hannunsa.

“Misis Stannard, ba nan na ce ki shiga ba.”

Ya fara bayani da muryar nan tasa mai ladabi, ta mai sayar da kafet. Tukunyar ɗumama gidan ta tsufa, ba za ta iya da ɗaki biyu ba. Ita Beryl ɓarinta ɗaya ba ya jin sanyi, ga kwat ya ba ta. Dalma kuwa in danshi ya kama ta shi ke nan, ai ita ma ta fi kowa sani. Shi kaɗai ne, bayansa na ciwo, ba kullum yake iya ɗaga ta ba. Yana magana ƙanshin minti na fitowa daga bakinsa yana gauraya da zarnin ɗakin. Doreen ta ce duk abin da ta shaƙa a ranar, wannan haɗin ne ya fi tayar mata da zuciya, kuma daga ranar ba ta sake sa alewar minti a baki ba.

Ta ratsa ta gefensa ta koma falo, ta cire hita ɗaya daga bango ta jawo ta da wayarta, ta bar ƙofar a buɗe. Ya biyo ta yana cewa ta rufe ƙofar, ta rufe ƙofar mana. Ta ɗora ruwa a wuta. Ta nemi tawul mai tsabta a gidan ta rasa, sai ta tuna ƙunshin farar audugar da ta gani a kan teburin falo. Tana ɗauka ya ce wannan ta musamman ce, daga Landan yake odarta, ba ta irin wannan aikin ba ce.

“Matsa min, Mista Catchpole,” ta ce, “kafin in zuba maka ruwan nan.”

Ya matsa.

Ta yanke kwat ɗin da almakashi saboda ta manne da jiki. Bayan Beryl da ɗuwawunta duk gyambo ne, wani har ya yi rami, ana ganin fari a ciki. Doreen ta wanke abubuwa masu ƙazanta da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa wanke abin da ke motsi yana cije baki ba. Sau biyu tana fita bayan kicin ta yi amai a kan ciyawa, ta kurkure baki ta dawo. Beryl ta ce mata ta yi haƙuri da warin. Doreen ta ce ta yi shiru, ba nata ba ne. Da ta gama ta naɗe ta da labulen falon, wanda ta fizgo da ƙarfinta, ta dafa mata shayi da sukari mai yawa tana ba ta da cokali. Beryl ta kurɓa ta ce ya yi zaƙi da yawa. Doreen ta ji dariya ta kusa kubce mata.

Ta buga wa asibiti, sannan ta tambayi lambar 'yarsu Gillian da ke aure a Leeds. Ya ce ba ya son a tayar wa yarinya da hankali. Beryl ce ta karanto lambar da ka, ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da masu motar asibiti suke fita da ita, yana falo ya rufe ƙofa. Doreen ta leƙa ta ɗauki jakarta, ta same shi durƙushe yana hura wa wani soja ƙura. A ƙafa ta koma gida. Gwangwanin biskit ɗin Kirsimetin bana yana kan firij, saura rabi. Ta juye a shara, ta bi da gwangwanin.

Gillian ta iso washegari, ta zo gidan Doreen tana kuka. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma duk zuwan da za ta yi tana samun uwar a kujera a ɗakin cin abinci, an yi mata wanka, an sa mata hoda. In ta buga waya baban ne ke ɗauka ya ce tana barci. Doreen ta zuba mata shayi, ta zauna tana kallon zobban hannunta. Ta so ta tambaye ta ko a shekarun nan duka ba ta taɓa cewa a tashe ta ba. Sai ta tuna ita ma iyakarta ke nan, yaya mai jiki, da sauƙi. Ta tura mata sukari.

Ba abin da aka yi wa Mista Catchpole. An zo an yi masa tambayoyi, ya yi kuka, ya ce abin ne ya fi ƙarfinsa kuma kunya ta hana shi neman taimako. Aka rubuta cewa tsoho ne da jinya ta gajiyar, har aka riƙa turo masa mai dafa abinci. A coci aka yi masa addu'a ta musamman.

Ba a jima ba shugaban ƙungiyar, wani mai suna Mista Gooderham, ya zo da hula a hannu. Ya ce kowa ya ji ba daɗi, amma Leonard ya rame, ba ya ci ba ya sha, in ta gyara masa ko da masu bushe-bushen ne zai ɗan farfaɗo. Ya ce ai su sojojin ba su yi wa kowa laifi ba. Ta tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya je asibiti ya duba Beryl. Ya ce ai ba su saba da ita ba. Ta buɗe masa ƙofa ta tsaya riƙe da ita har ya gane ya fita. Daga nan kusan rabinsu suka mayar da aikinsu wurin wani mutum a Norwich, suna cewa Doreen ta cika shiga abin da ba ruwanta. Ba ta bi kowa ba. Waɗanda suka ci gaba da zuwa kuwa suka sha tambaya. Ina matarka, me ta ci yau, yaushe rabon da ta fita? Wani ya ce mata matarsa lafiyarta ƙalau, tana ma mota tana jiransa. Doreen ta fita da silifas har bakin titi ta leƙa ta gani.

Beryl ta daɗe a asibiti, daga nan aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke kallon teku. Ta ce ba ta son ganin mijin, aka kuwa hana shi. Doreen ta riƙa hawa bas duk Alhamis tana zuwa. Ba wata mai daɗin zama ba ce Beryl. Ta yi ƙorafin miya, ta yi ƙorafin matar da ke gadon kusa da ita, ta ce hular Doreen kamar ta mai sharar titi. Doreen ta ce ita da aka tsinto cikin kwat ɗin maza ba ta da bakin zancen hula. Haka suke yi har lokacin tashi. Wata rana Beryl ta miƙo hannun nan mai lafiya ta ce tunda fenti ne sana'arta, ta shafa mata jan farce, rabonta da shi tun tana aiki a kantin magani. Doreen ta sayo, ta shafa mata har da hannun da ya mutu. Beryl ta ɗaga ta duba ta ce ba laifi, amma ta yi tsammanin za ta fi haka iyawa.

Ta ƙara shekara biyu a duniya, ta yi ƙiba, gashinta ya dawo. Ciwon huhu ne ya ɗauke ta cikin kaka.

A cocinsu aka yi jana'izar. Mista Catchpole yana layin gaba cikin baƙar kwat, mutane na zuwa suna riƙe hannunsa. Doreen ta zauna a baya. Da aka fito ana jiran a sa akwatin a mota, sai ta ji an taɓa gwiwar hannunta. Shi ne. Ya gode mata da ta zo, ya ce abin da ya wuce ya wuce, shi bai riƙe ta da komai ba. Sannan ya waiga hagu da dama, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙunshin auduga ya warware. Mai gangar nan ne. Ya ce ta duba abin da mutumin Norwich ya yi masa, jan ya yi duhu, idon kuma kamar na kifi. Ko za ta ɗan sake masa, wannan ɗaya kawai?

Doreen ta dubi sojan, ta dubi akwatin da maza ke ɗagawa a bayansa.

“Ga matarka can ana sawa a mota,” ta ce. “Je ka, kada su tafi su bar ka.”

Ya waiga, ya naɗe sojan da sauri ya mayar aljihu, ya bi su da ɗan gudunsa. Ba ta je maƙabarta ba, ba ta je wurin shan shayin ba. Ta tsallaka titi ta tsaya jiran bas, tana goge gwiwar hannunta da hankici.

Ta ci gaba da aikin wasu shekaru, har yanar ido ta sa ta daina ganin inda za ta ɗiga. Sai ta kwashe buroshin da gwangwanayen ta ba wata maƙwabciyarta mai koyar da zane, ta goge teburin, ta jera tukwanen tumatir a kai. Mista Catchpole ya riga ta mutuwa. Gillian ta kira masu gwanjo suka kwashe falon a yini ɗaya.